Buhu Bakwai na Takardar Minti

Da sunan Allah na fara wannan babi, amma a baki na faɗa, ban sa shi a takarda ba, kuma kafin ku kai ƙarshe za ku san dalili. Na daɗe ina jin abin da ake gaya muku game da barina kamfanin minti na Sharaɗa. Wasu sun ce rashin kunya na yi wa mai kamfanin, wasu kuma sun ce taɓin hankali ne ya same ni har na kwashi shara na kai wa mutum ofis. Ke Rabi, ranar bikinki ma sai da wata tsohuwa ta maimaita shi a tsakar gida. Na ji ta da kunnena, na haɗiye, don ranar ba ta faɗa ba ce. To yanzu na tsufa, na gaji da haɗiya. Ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wanda ya yi.

Kakanku, Malam Haruna, manomi ne a Sharaɗa tun garin yana gonaki, kafin a yanka filayen a ba masu kamfani. Amma ba da noma aka san shi ba, da zayyana aka san shi. Idan ɗalibi ya sauke Alƙur'ani, wajen Baba ake kawo allonsa ya ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa, har daga Kumbotso da Panshekara ana zuwa. Ni ne ɗansa na fari, kuma mutanen da ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Sunana Isiyaku, amma ban taɓa jin sa a bakinsa ba. “Wancan” yake cewa, ko ya ce wa kakarku Inna, “A gaya masa.” Ko a gefensa nake zaune, ta wajen Inna saƙo yake biyowa. Haka ya koya mini zane, ba tare da magana ba. Idan layina ya karkace ba ya cewa uffan, sai dai ya ɗauki allon ya wanke ya ajiye mini a gabana. Wani lokaci sau biyar a yini ɗaya. Na sha kuka a bayan rumbu saboda wannan wanki, amma shi ya miƙar mini da hannu.

Da na girma sai na ga zayyana ba za ta riƙe gida ba, na koma fenti. Na yi wa manyan motoci ado, na rubuta allunan shaguna da na masu ɗinki. Baba bai hana ni ba, bai kuma yaba ba. Ana haka kamfanoni suka cika mana gari, jiniya ta zama ita ce agogon kowa. Lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi ma ba su daina cewa sule da fam ba. Wani attajiri ɗan cikin birni, wanda zan kira Alhaji kawai don 'ya'yansa suna nan da ransu, ya kafa injin minti a bayan tsohuwar gonarmu. Ya ga wani allo da na rubuta, ya sa aka nemo ni, ya ce yana son tambari da takardar naɗe minti wadda za ta ture na Legas a kasuwa. Ya ba ni ɗaki da tebur da fanka. Ni da nake fenti a rana, ga ni da fanka a kaina!

A nan ne na kawo dabarar da nake taƙama da ita. Na ce wa Alhaji mutanenmu na karkara ba jahilai ba ne, boko ne kawai ba su yi ba. Mintin Legas Turanci ne a jikinsa, ba mai iya karanta shi daga nan har Gumel. Mu rubuta namu da ajami, kowane mai tebur zai karanta sunan da kansa. Alhaji ya buga cinya ya ce wannan ita ce magana. Na yi kwana goma a kan zanen. Na sa takardar ta zama kore shar, na zagaye ta da irin zayyanar Baba, na sa sunan mintin a tsakiya. To ga inda na faɗa. Hannun da ya tashi a kan allo bai san yadda ake fara rubutun Larabci babu bisimilla ba. Ban yi shawara ba, ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya tafi sama ya rubuta ta, 'yar mitsitsiya, ba ta fi tsawon ƙwayar shinkafa uku ba. Alhaji ya gani ya ce madalla, albarka ta shigo kenan. Manajansa ya gani ya gyaɗa kai. Mu uku, duk Musulmi, duk mun yi karatun allo, babu wanda ya tambayi kansa inda takardar minti take zuwa idan yaro ya jefa mintin a baki. Mai injin bugu a Bompai kuwa ba ɗan ƙasar nan ba ne, shi a wajensa duk ado ne, ya buga mana bandir-bandir har suka cika sito.

Minti ya karɓu, ba ƙarya. 'Yan kasuwa daga Haɗeja da Maraɗi da Damagaram suka riƙa yin layi da motoci a bakin ƙofa. Aka ƙara ma'aikata, har Lawan, ƙanin uwarku, ya samu shiga. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na sayi babur, na sayi tabarau alhali idona lafiya lau, ina soke alƙalami uku a aljihun gaba don a san mai zane ne yake wucewa. Uwarku Binta, Allah ya jiƙanta, takan ce in rage ɗaya kada aljihun ya yage.

Ita ce ta fara ja mini kunne. Wata safiya tana zuba mini koko ta ce ko na lura Baba ya daina zama a zaure bayan asuba? Ta ce yana fita da jakar fata, ba ya dawowa sai hantsi ya ɗaga, kuma Inna tana wanke masa riga kullum saboda warin lambatu. Na ce mata tsufa ne, yana miƙe ƙafa. Ta dube ni, ta ci gaba da zuba kokonta. Bayan kwana biyu na biyo ta gaban firamare a kan babur, sai na hango wani tsoho a durƙushe a bakin lambatu, yana sa sanda yana jawo wani abu daga cikin baƙin ruwa. Na rage gudu don in yi dariya, Allah ya yafe mini. Ashe Baba ne. Ya ciro wata koriyar takarda, ya goge ta a gaban rigarsa, ya kai ta goshi, ya sa a jaka. Ya ja gwiwa gaba kaɗan, ya miƙa hannu ga ta gaba. Sai a lokacin na dubi ƙasa. Tun daga ƙofar makarantar har inda idona ya tsaya, kore ne a warwatse, a cikin taɓo, a kan kashin awaki, a ƙarƙashin takalman yara. Aikin hannuna ne duka. Na tsaya cak, ban ko kashe babur ɗin ba. Baba ya ji ƙarar, ya san ni ne, sai ya kau da kai gefe ya ci gaba da tsintarsa.

Ban je aiki ba ranar, gidan Baba na wuce. A ɗakin da yake ajiye alluna na tarar da buhu huɗu cike, an ɗora su a kan gadon kara don kada su taɓa ƙasa. Na tambayi Inna me ya sa ba a gaya mini ba. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

“Ka san shi, ba zai faɗa maka ba,” in ji ta. “Cewa ya yi shi ya koya wa hannun rubutu, to shi ne zai tsince.”

Da dukana aka yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin nan ya haura saba'in, idonsa ya fara yana, gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa sai da nishi. Injin Alhaji kuwa yana zubo minti safe da yamma. Tsoho ɗaya da jaka ɗaya, ina zai kai? Kuma na san halinsa, ba zai daina ba sai ko ranar da aka ɗauko shi daga bakin hanya. A tsaye a tsakar gidan nan na ƙudurta cewa sai na raba takardar nan da sunan Allah, ko da me zai biyo baya.

Washegari na shiga wajen Alhaji na durƙusa na faɗa masa komai, na ce kuskurena ne, a ba ni dama in gyara. Ya saurare ni, ba zan yi masa ƙarya ba, har fuskarsa ta canja. Amma ya ce takardar da ke sito za ta kai shekara biyu, ƙarfen bugun ma daga waje aka yo shi, kuma jama'a sun saba da ita. Ya ce niyyarmu ai alheri ce, Allah yana duba niyya, in wadda ke sito ta ƙare sai a canja. Na ce ranku ya daɗe, mahaifina ba shi da shekara biyu a gwiwarsa. Ya ce a ba tsohon haƙuri. Na koma bayan mako guda, ya ce ya ji. Na uku manaja ne ya tare ni a ƙofa ya ce Alhaji ya ce in riƙe aikina in bar wa malamai nasu.

Malaman kuwa ba su yi nisa ba. Wani maƙwabcinmu ya ba ni shawara in kai takardar masallacin Juma'a, ya ce huɗuba ɗaya ta isa, kafin la'asar an rufe kamfanin. Na dawo gida da zafina na gaya wa uwarku haka zan yi. Tana saƙar faifai a bakin ƙofar ɗaki, ta ajiye shi a cinya.

“Malam, idan taro ya taso ba takarda zai ƙona ba, kamfanin zai ƙona,” ta ce. “Rabin unguwar nan a can suke ci. Kuma in aka tambayi wanda ya rubuta, sunan wa za a faɗa?”

Na yi mata tsawa, na ce ƙaninta take karewa. Ta ce ƙwarai, da ƙaninta da mijinta. Na fita fuu, na zaga gari, na dawo na san gaskiya ta faɗa. Don haka na tsayar da abu biyu a raina: ba zan tara wa Alhaji jama'a ba, ba kuma zan yi shiru ba. Na ce bari in fara shirya abin da zai maye gurbin tsohuwar takardar, don kada in je masa da kuka kawai. Na san mutanenmu da hoto suke kiran kaya, mai zakara, mai tauraro, mai fitila. Na zana tulu, na yaga. Na zana dabino, na ga wani kamfani ya riga ni. Rannan ina zaune ina cizon alƙalami, idona ya faɗa kan faifan da uwarku ta gama, zagaye cikin zagaye, ja da baƙi. Na ce miƙo mini nan. A yini biyu na gama. Na bar koren yadda yake don kada masu saye su ɓace, na cire duk wani harafin Larabci, na sa faifai a tsakiya. Na kai ofis, manaja ya karɓa ya jefa a durowa. Da na ga haka na sake zana wani na riƙa yawo da shi a aljihu.

Damina ta sauka a kan haka. Wata Talata Baba ya zame a bakin lambatu ya bugu a ƙugu, masu wucewa ne suka kawo shi gida a riƙe. Na ce to, ko banza yanzu zai huta. Kwana uku ya yi a kwance. Rana ta huɗu Inna ta aiko mini cewa ya ɗauki sanda da jaka ya fita, yana jan ƙafa. A ranar buhunan sun kai bakwai.

Na ari kura wajen masu garuwa, na wanke ta tas, na shimfiɗa sabuwar tabarma a ciki. Na yi alwala, na shiga ɗakin alluna na fara fito da buhunan. Baba ya dawo yana zaune a zaure, ina wucewa ta gabansa da buhu a ka, sau bakwai, bai tambaye ni ina za ni ba. Sai da na kama kurar zan tura na ji ya ɗaga murya ya ce wa Inna, “A gaya masa kada ya bari su taɓa ƙasa.”

Da kaina na tura ta har kamfani, da tabarau da alƙalamai uku, mutane suna tsayawa suna kallo. Daga nan labarin hauka ya samo asali. Maigadi ya san ni, ya buɗe mini. Na ɗauki buhun farko na shiga ofis ba sallamar manaja, sai na tarar Alhaji yana da baƙi, manyan dillalansa uku daga Damagaram, ana shan shayi. Ban san suna nan ba, wannan gaskiya ne. Amma da na gan su ban juya ba, wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne laifina a ranar. Na yi sallama na ɗora buhun a kan teburinsa, a kan takardunsa, don ba inda zan ajiye shi. Na koma na ɗauko na biyu. Kafin na bakwai warin lambatu ya cika ɗakin, manaja yana ta kumfar baki, ya kira masinja ya ce a kwashe wannan ƙazanta a kai bola. Sai na kwance bakin buhu ɗaya na buɗe.

“Ranku ya daɗe, kayanku ne na kawo muku,” na ce. “Mahaifina ne ya tsinto su ɗaya-ɗaya. Ni na rubuta, ban san inda zan kai su ba. In a bola za a zuba, ku ba da umarni da bakinku.”

Masinja ya riga ya miƙo hannu, da ya ga abin da ke ciki sai ya janye shi ya ɓoye a baya. Babban cikin baƙin, wani dattijo mai rawani, ya zaro takarda ɗaya da taɓonta, ya matso da ita ido, leɓensa ya motsa, ya kai ta goshi ya soke ta a cikin rawaninsa. Alhaji ya daɗe yana kallon buhunan. Na ga ya buɗe baki zai yi wa masinja magana, ya rufe. Shi ma ɗan allo ne, kalmar ba za ta fito ba. Can ya tambaye ni ina ɗaya zanen da ake cewa na yi. Na zaro shi daga aljihu na miƙa da hannu biyu. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya bayansa.

“Za a canja,” ya ce. “Kai kuma ka bar makullin ɗakinka wajen maigadi.”

Na ce to, na gode. Na tura kurata fanko na fita.

Ku ba mutumin nan haƙƙinsa, don ni na ba shi. Ya tsayar da inji har sabuwar takarda ta iso. Ya sa aka haƙa rami a wuri mai tsabta, aka ƙona abin da ke sito gaba ɗaya tare da buhunan Baba, shi da kansa yana tsaye, aka kwashe tokar aka zuba a kogin Challawa. Ba ƙaramar asara ya yi ba. Amma kunyar da na ba shi gaban baƙinsa bai yafe ba har ya koma ga Allah, kuma masu kamfani bakinsu ɗaya ne. Daga Sharaɗa har Bompai har Challawa ba wanda ya ƙara ba ni ko allon ƙofa in rubuta. Ma'aikata sun zauna a gida makonni ba aiki, kawunku Lawan ya shekara ba ya amsa gaisuwata. Babur ya tafi, tabarau ma na ajiye shi. Na koma tasha ina yi wa motoci fenti a rana, uwarku tana saƙa faifai tana aikawa kasuwa, ga hoton faifanta a bakin kowane yaro a gari, ba wanda ya san nata ne. Sai bayan shekara huɗu wata ƙungiyar taimakon makafi ta nemi in yi mata tambari, daga nan ƙofa ta sake buɗewa a hankali. Na ji zafin shekarun nan, ba zan ɓoye muku ba. Amma ban taɓa kwana ina cewa da ban yi ba.

Aikin bai ƙare da ƙona sito ba, don tsohon kaya yana nan jibge a shaguna da teburan unguwa. Tunda ba ni da ofishin zuwa da safe, sai na samu jaka ni ma. Kullum bayan asuba Baba yana gaba da sandarsa, ina biye, shi gefen dama na hanya, ni gefen lambatu. Ba ma magana. Da sabuwar takarda ta fara fitowa sai wata matsala ta ɓullo: koren iri ɗaya ne, idon Baba kuwa ba ya rabewa, duk wadda ya gani ɗauka yake. Na gaya wa Inna ta gaya masa, ya ce shi ba zai yi caca da sunan Allah ba. Haka muka ci gaba har kaka, ina zazzage jakarsa a gida ina warewa. Tsofaffin suna raguwa, daga cikin tafi zuwa biyar, zuwa ɗaya, har muka yi kwana goma sha biyu ban ga ko guda ba.

Rana ta goma sha uku muna gaban firamaren nan, daidai inda na fara ganinsa, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki wata. Ya kai ta dab da idonsa, ya juya ta, ya kasa gani. Inna ba ta kusa balle ya ce mata a gaya mini. Sai ya miƙo mini ita, fuskarsa tana kallon hanya.

“Me ke jikinta?”

“Faifai ne, Baba.”

“Duba sama.”

“Na duba. Babu komai sai faifai.”

Ya karɓe ta ya riƙe, ya daɗe yana murza ta tsakanin yatsu. Sannan ya buɗe hannunsa ta faɗi. Ya dafa sanda, ya dafa ƙugu, ya miƙe a hankali har ya tsaya sosai, ya cire jakar daga kafaɗa ya ba ni.

“Isiyaku,” ya ce, “mu je gida.”

Ina da shekara talatin da huɗu a ranar, kuma shi ne karo na farko da na ji sunana a bakinsa. Muka juya, yana gaba ina biye, takardar tana nan a ƙasa inda ta faɗi.